Ɗigon Tawada a Hannun Illa Wanzami

Duk shekara ana turo mini ɗalibai daga lakwal, wato makarantar koyon aikin lafiya, su yi wata biyu a ɗakina, kuma duk shekara sai an sami wanda zai ce aikin kine, wato gyaran gaɓoɓi da motsa jiki, ai tausa ce. Na bana ma kun faɗa, kuna tsammanin fankar da ke ƙara ta hana ni ji. Ban yi fushi ba. Ni ma da wannan tunanin na shigo asibitin nan na Konni, gashin kaina baƙi wuluk, ina ganin duk mai hannu biyu da kwalbar mai zai iya. To ku ajiye wayoyin nan ku ji yadda ta kasance.

Aikin farko da aka ba ni ko taɓa tsokar mutum ban yi ba. Majo Garba, babban ma'aikacin jinyar da na koyi aiki a hannunsa, ya zaunar da wata tsohuwa daga wajen Malbaza wadda ta gama shan maganin kuturta, ya miƙo mini guntun zaren kamun kifi da aka ɗaura a tsinke. Ya ce ta rufe ido, ni kuma in riƙa taɓa tafin ƙafarta da bakin zaren, duk inda ta ji ta nuna da yatsa. Na taɓa wuri goma, ta nuna goma. Na juyo ina murmushi na ce ƙafa lafiya lau. Majo ya karɓi zaren, ya ce in koma bayanta in tsaya, ya taɓa wuri goma, ta nuna biyu. Ashe ni kafin in taɓa sai na ja numfashi, tsohuwa kuwa kunnenta ras, kuma ba ta son ta kunyata yaron kirki. A ranar na fara sanin cewa majiyyaci yakan taimake ka ka yi kuskure saboda ladabi.

Shi ne ya koya mini bugun jijiya. In na ce jijiya a nan ina nufin fararen zarurrukan nan da ke fitowa daga laka, suna kai umarnin motsi ga gaɓoɓi, suna dawo da labarin zafi da sanyi da taɓawa. In aka yanke ɗaya, ɓangaren da ke ƙasa da yankan yakan mutu, na saman kuma in Allah ya so sai ya sake tsirowa, yana rarrafe kamar milimita ɗaya a yini. Ba ka ganinsa, amma bakin sabon tsiron yana da saurin ji. Sai ka bi hanyar jijiyar kana ƙwanƙwasawa da kan yatsa, daga ƙasa kana hawa, inda mutum ya zabura ya ce ya ji wani abu kamar lantarki ya zarce masa har yatsu, to nan tsiron ya iso. Majo yakan ɗiga alƙalamin bik a wurin, ya auna da metir ɗin tela, ya rubuta. Mako na zagayowa ya sake.

Kayan aikinmu ke nan fa: bik, metir, zare, robar cikin tayar keke ta ja da hannu, buhunan yashi ƙanana, da guntayen tiyo na roba da muke gasawa bisa garwashi mu lanƙwasa su zama abin tallafar hannu ko ƙafa. Injin lantarkin da kuke gani a kusurwa daga baya ya zo, kuma rabin ransa a kwance yake.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda ruwa ya yi yawa, zazzaɓi ya cika ƙauyuka, masu yawo da allura a jaka suka samu kasuwa. Mutanenmu kun san su, ƙwaya a wurinsu wasa ce, allura ce magani. Aka riƙa soka wa yara a ɗuwawu ba a san inda babbar jijiyar ƙafa ta bi ba, sai ga iyaye mata suna shigowa da 'ya'ya goye, zazzaɓi ya tafi ƙafa ta saki. A cikinsu akwai 'yan mata biyu daga wani gari can wajen Illela, kusan sa'annin juna, ƙafar hagu dukansu, mai allura ɗaya. Aiki iri ɗaya na yi musu, rana ɗaya suke zuwa. Kafin wata damina ɗaya tana tsalle, ɗayar kuwa har na daina ganinta tana jan ƙafa. Na tambayi Majo dalili. Ya ce, "Ban sani ba. In ka samu wanda yas sani, ka zo ka hwaɗa mani ko ina kabari." Ya rasu bai ji amsa ba, ni kuma tambayar ta zauna mini a ƙirji shekara da shekaru.

Illa ya zo mini ne bayan na manyanta a aiki, lokacin da nake ganin na gama sanin komai. Wanzami ne daga Bazaga, siriri, mai yawan fara'a, bai kai arba'in ba. Iskar farkon damina ta ɗauko kwanon rufin wani shago ta yanke shi a cikin dantsen dama, kamar yatsu huɗu sama da gwiwar hannu. Likitan tiyata ya ɗinke jijiyar ya turo mini shi. Ita ce jijiyar nan da ke bi ta bayan gwiwar hannu, wadda in ka buge wurin a jikin ƙofa kake jin abin har ƙaramin yatsa. Ita ke riƙe da ƙananan tsokokin tafin hannu, waɗanda ke sa babban yatsa ya danne abu a jikin manuni. Wanzami kuwa da wannan dannawar yake riƙe aska. Na sa masa takarda tsakanin yatsun biyu na ce ya riƙe, na zare ta kamar ba a hannun kowa take ba.

"Mushe," in ji shi, don haka ake kiran ma'aikaci a nan, kamar a ce Malam, "hannun ga shina dawowa?"

Na ce muna fata. Na tambaye shi ko ba zai gwada koyo da hagu ba kafin nan. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Wa za shi ba ka kan jinjiri ranar suna ka ɗora mai aska da hagu? Ko kai, Mushe, ka bada naka?"

Gaskiya ba zan bayar ba. Daga nan na gane ko dai hannun daman nan ya dawo, ko Illa ya bar sana'ar da ya gada daga ubansa da kakansa.

Duk ranar kasuwar Konni yake zuwa, wansa Ada ne ke kawo shi a bayan moto, wato babur. Ada shi ma wanzami ne, shi ne babba a gidan tun rasuwar ubansu, mutum mai kauri marar yawan magana. Yakan tsaya daga bakin ƙofa yana kallon duk abin da nake yi. Ni kuwa in lanƙwasa yatsun don kada su sandare, in gyara tiyon da na yi masa, sannan in zo kan abin da na fi so, wato bugu. Makonnin farko shiru. Sai wata rana na ƙwanƙwasa ƙasa kaɗan da ɗinkin, Illa ya zabura. Na ɗiga bik, na auna, na rubuta. Mako na gaba ɗigon ya sauko kaɗan. Na gaba ya ƙara. Ban taɓa ganin jijiyar da ta bi lissafi kamar wannan ba, har nakan kira abokan aiki su zo su ga littafina. Su na yi wa bayani dalla-dalla. Mai hannun da wansa kuwa ban ce musu komai ba, illa in gyaɗa kai in ce sai mako mai zuwa. A ganina abin a fili yake.

Bayan kamar wata uku ɗigon ya iso daidai kwarmin bayan gwiwar hannu, inda jijiyar ke kwance ƙarƙashin fata ba tsokar da ta rufe ta. Na ɗiga, na ƙara zagaye wurin da bik don daɗin da na ji. Mako ya zagayo ba su zo ba. Na biyu suka zo, hannun Illa naɗe da tsumma, warin na riga su isowa. Da na kwance sai ga rami baƙi mai mugunya a tsakiyar da'irar da na zana, ko kaucewa bai yi ba. Sakiya ce, irin wadda ake yi da ƙarfe mai zafi a huda maruru.

Na ɗaga murya, abin da ban saba ba. Na ce wane marar hankali ne ya yi wannan. Ada ya shigo daga bakin ƙofa, karo na farko da ya taka cikin ɗakin.

"Ni na, Mushe."

Na ce don me.

"Wata ukku ina kallo. Duk inda kab buga yaj ji zahi, nan kaka sa alama. Kullum alamar tana sauka. Munka ce ciwon na tahiya, ya nuhi hannu, kai kuma kana bin shi kana rubutawa, ba ka tare shi ba. Rannan kaz zagaye wurin. Nic ce to ga shi lokotoro ya gwada muna inda yal laɓe, kuma kusa ga hwata yake. In yaw wuce gwiwa ya shiga yatsu, ƙanena ya gama. Shi na nit tare shi."

Ku duba maganarsa da kyau, babu wauta a ciki. A sana'arsu inda ke ciwo nan cuta take, kuma wanda ya yi alama a jiki ya yi ta ne don a san inda za a sa ƙarfe. Shi da idonsa ya ga abu na tafiya, ya ga wanda aka ce masani ne yana auna tafiyar bai ce uffan ba. Ƙarfen nasa ne, amma ni na nuna masa wurin. Kunyar da na ji a ranar ban taɓa jin irinta a ɗakin nan ba. Na zaunar da su na yi bayanin da ya kamata in yi tun ranar farko, na ce abin da ke saukowa waraka ce, ita muke jira ta isa yatsu. Ada ya saurara har ƙarshe, ya fita ya zauna a gindin bishiyar bedi, bai sake shigowa ba.

Aka wanke gyambon, aka ba da magani, ya warke ya bar tabo mai tauri. Likitan tiyata ya duba ya ce da alama ƙarfen ya ƙone gefen jijiyar bai raba ta biyu ba, a jira a gani. Na ci gaba da bugu. Mako takwas ina ƙwanƙwasawa ƙasa da tabon, Illa na kallon rufi yana cewa babu.

A cikin wannan jiran ne wata likita ta zo ta yi mana mako guda tana duba masu farfaɗiya da shanyewar jiki. Dokta Mariyama, 'yar Malbaza ce, ta yi karatun ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a waje. Ranar da za ta koma na tare ta da littafina, na ba ta labarin Illa, na haɗa da na 'yan matan nan biyu na wajen Illela, na ce ta gaya mini abin da ke sa wata jijiya ta tashi wata ta kwanta.

Ta ce, "Baba, duka ban sani ba, amma akwai abin da anka gano." Ta ɗauki bik ɗina ta zana ɗan ƙwallo da dogon wutsiya. Ta ce kowane zare a cikin jijiya wutsiyar ƙwayar halitta guda ce, ita ƙwayar tana can zaune a laka ko kusa da ita, kuma muddin tana raye wutsiyar na iya sake tsirowa. Abin da ke riƙe ta a raye, a cikinsa akwai wasu furotin da fata da tsoka da rigar jijiyar ke yi, su hau ta cikin zaren su kai mata saƙon cewa ana bukatarta. Wanda aka fara ganowa ana kiransa NGF, yana kula da zarurrukan jin zafi, yana kuma da 'yan uwa da ke kula da wasu, har da na motsi.

Na ce to ai sai a ɗura wa Illa shi.

Ta yi dariya ta ce in tsaya tukuna. Jiki ba ya yin furotin ɗin nan a gamamme. Yakan fara yin sa da wani ƙarin guntu manne a jikinsa, wannan shi ake kira proNGF, sai wasu sinadarai su yanke guntun sannan ya zama gamamme. Da can an ɗauka mai guntun bai da wani aiki, jiran yanka kawai yake. Daga baya aka ga shi ma yana kai saƙo, ta wata ƙofa dabam a jikin ƙwayar, kuma saƙonsa kan zama na ta kashe kanta. An ga yakan yawaita a inda aka ji rauni, da wajen tsofaffi. Ke nan ƙwaya guda na iya samun saƙo biyu daga abu ɗaya, a yanke da ba a yanke ba, wanda ya rinjaya shi za ta bi.

Na ce, "Kamar rogo mai ɗaci ke nan. A jiƙa a sarrafa ya zama abinci, a ci ɗanye ya kwantar da gida."

Ta ce kusan haka, sai dai shi jiki da gangan yake ajiye ɗanyen, don akwai ƙwayoyin da dole su mutu, tun jinjiri na ciki ake rage waɗanda suka yi yawa. Na tambaye ta ko abin da ya raba 'yan matan nan ke nan. Ta ce ba ta iya rantsewa, zurfin allura da yawan maganin da ya shiga ma sun isa su raba su, wannan ƙari ne a kan dalilai. Na ce Illa fa, rauni biyu a jijiya ɗaya. Ta ce kowane rauni da kowane jinkiri na rage yawan ƙwayoyin da za su jure, kuma ba ta da allura ko ƙwayar da za ta ba ni ta karkata abin, masu bincike na kan nema. Ta ce, "Naka shi na ka tsare hannun, in waɗanda sunka rage sun iso su tarar da gaɓoɓi ba su sandare ba."

Na jima ina juya maganar nan, har yau ban gama ba. Shekara talatin ina ƙwanƙwasa fatar mutane ina zaton ni da tsoka muke aiki, ashe can ciki ana yanke wa kowane zare hukunci ni ban sani ba. Da Majo na da rai da ya yi tambaya ɗari, da ta farko ita ce wa ke riƙe da almakashin da ke yanke guntun nan.

A mako na goma sha ɗaya na buga yatsu biyu ƙasa da tabon, Illa ya ce, "Tsaya. Sake." Na sake. Ya ce akwai, amma kaɗan, kamar tafiyar tururuwa. Wannan karon ban taɓa fatarsa da bik ba. Na zana hannu a takarda, na ɗiga a can, na kira Ada daga gindin bedi na nuna masa, na sa ya maimaita mini da bakinsa abin da ɗigon ke nufi. Tun daga ranar haka nake yi wa kowa, kuma haka za ku yi muddin kuna ɗakina.

Tafiyar ta ci gaba amma ba da saurin da ba. Sai da aka haura shekara kafin ta kai wuyan hannu. Ji ya dawo a ƙaramin yatsa, ba duka ba. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya ɗan ciko, bai koma yadda yake ba, ramin na nan har gobe. Wasu zarurrukan sun iso, wasu sun tsaya a hanya ko sun mutu tun daga tushe, ba ni da hanyar sanin wanne ya samu wane saƙo. Takarda dai yanzu sai na ja da ƙarfi kafin in zare ta. Na gasa tiyo na yi wa askarsa ƙota mai kauri, na naɗe da roba, ya riƙa gwaji a bayan ƙwarya da kumfar sabulu har ya daina kartar ta.

Sai dai ƙwarya ba ta da dangi. A Bazaga kowa ya san labarin hannun, kowa na yi masa sannu, ba wanda ya miƙo kai. Suna ko kaciya Ada ake kira, aski ma in Ada ba ya nan sai a ce a bari ya dawo. Wata ranar kasuwa Illa ya zo da zabirarsa, jakar fatar da wanzami ke zuba kayan aiki, ya ce ya zo ne ya yi mini godiya da bankwana. Zai miƙa wa wansa zabirar, shi kuma ya nemi amalanke ya riƙa dakon kaya.

Na ce ya jira ni in rufe ɗaki. Na sa aka dafa askar a tukunyarmu ta kayan aiki, don wannan kam ba na sassautawa. Muka taka har rumfar wanzamai da ke bakin kasuwa, Ada na biye da mu yana tura moto. Na cire hula na zauna a kan tabarma.

"Mushe, ba dole."

Na ce ya yi sauri rana na yi.

Ba zan ɓoye muku ba, tsoro na ji. Na san ƙarfin hannun nan fiye da mai shi, na san yatsan da ba ya ji, ga shi yanzu a bayan kunnena. Ya jiƙa gashin, ya ɗora aska. Ina jin sanyin ƙarfen da ɗan rawar da ke bayansa. Wanzaman rumfar suka dakata da nasu aikin, masu wucewa suka fara tsayawa. Ya gama gefen dama lafiya. A ƙeya sai na ji zafi, wani abu mai ɗumi ya gangaro mini wuya.

"Na yanke ka, Mushe."

"Na ji. Ƙarasa."

Ya danne wurin da auduga, ya jira hannunsa ya natsu, ya ci gaba. Askin da wanzami ke gamawa kafin a sha shayi zagaye ɗaya ya ɗauke mu kusan awa. Da ya ce an gama na miƙe ina karkaɗe riga, wuyana ya ƙage.

Ada ya jingine moto ya matso. Bai dubi fuskata ba, kaina ya duba. Ya shafa shi da tafin hannu daga goshi zuwa ƙeya, ya juya ni ya leƙa bayan kunnuwa, ya tsaya a kan yankan ya ɗan jima, kamar yadda babban wanzami ke duba aikin wanda ya koyar. Rumfa ta yi tsit ana jiran abin da zai ce. Ya cire hularsa ya sa a aljihu, ya zauna a inda na tashi, ya sunkuyar wa ƙanensa da kai.